Na Riƙe Tire, Zabairu Ya Danna

Kun sha tambayata me ya sa in mun je Filinge hutu nake tsayawa a bakin shagon hoton Baffanku Zabairu, in yi sallama daga waje, ba na shiga. Uwarku ta ce muku wai zafin cikin shagon ne ba na so. Ta faɗa ne don ta rufa mini asiri. Babu faɗa tsakanina da ƙanena, tun da muka girma ba mu taɓa ɗaga wa juna murya ba. Kishinsa nake yi, tun ina ɗan lise, wato babbar sakandare, kuma har yau bai sake ni ba. Ina so ku ji yadda abin ya fara daga bakina, don shi in ya ba da labarin, dariya ake yi har da riƙe ciki.

Ni ɗan fari ne. Ku da kuka tashi a Yamai ba za ku gane nauyin wannan ba sai an yi muku bayani. A gidajenmu na ƙasar Kurfai, uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta haɗa ido da shi. Da aka yaye ni, Goggo ta ɗauke ni zuwa Sanam, a can na yi firamare, sai da zan shiga kolej na dawo gidanmu a Filinge. Na tarar da Zabairu, wanda ke bi na, ya cika gidan da surutu. Yana kwanciya a tabarmar Inna, yana sa hannu a ƙwaryarta, tana zaginsa da sunansa tun daga zaure har bayan gida. Ni kuwa sunana a bakinta shi ne "wancan". In abinci ya sauka sai ta ce wa Zabairu, ko ta ce wa bango in ba ya nan:

"A hwaɗa ma wancan tuwo na hucewa."

Ban ɗauki abin da zafi ba a lokacin. Abokaina 'yan fari duk haka ake yi musu. Ni ma ba mai son a dube ni ba ne, in malami ya kira ni a aji sai muryata ta maƙale. Na sami lungu a zaure, na sa littattafaina, na zauna lafiya. Da aparai bai shigo gidan ba, ina jin da na tsufa ban san akwai abin da na rasa ba.

Aparai shi ne sunan da muke kiran na'urar ɗaukar hoto. Kawu Hamani, yayan Inna, shi ya aiko da shi daga Abijan, inda yake sayar da yadi. Ya daɗe bai zo gida ba, har Zabairu bai san kamanninsa ba. Ya ji na ci jarrabawar gama kolej, sai ya ba Malam Gado saƙo, wani maƙwabcinmu da ke cin rani a can, yana dawowa noma in damina ta faɗi. Malam Gado ya zauna a zaure, ya buɗe ƙunshin a gaban Baba. Ɗan ƙaramin abu ne mai launin azurfa, ba a sa masa fim, akwai gilashi a bayansa inda hoton ke fitowa nan take.

"Ya ce wanga na mai karatu na," in ji Malam Gado. "Amma da sharaɗi. In zan koma bayan kaka, in tahi mishi da hoton ƙanwatai. Ba hoton taro ba, da za shi tsaya neman ta cikin mutane. Huskarta shika so, tana dibin shi ido da ido."

Na ce to. A raina na ce wannan ai aikin minti ɗaya ne.

Sai da na karanta ɗan littafin da ke cikin kwalin daga farko har ƙarshe kafin in kunna shi. Zabairu yana tsalle a kaina kamar zai mutu.

"Yaya, don Allah danna! Mi kaka karantawa? Jarrabawa za a yi maka?"

A ƙarshen littafin akwai shafuka kaɗan da Faransanci kan yadda ake tsara hoto, kuma su suka kama ni. Na gano akwai maɓallin da in ka taɓa, layuka za su fito a kan gilashin, biyu a tsaye, biyu a kwance, su raba hoton gida tara. Littafin ya ce kada ka dasa abin da kake ɗauka a tsakiya kamar turke. Ka sa shi a kan ɗaya daga cikin layukan, in mutum ne, idanunsa su zauna a layin sama. Ya ce ka dubi abin da ke bayan mutum kafin ka dubi mutumin. Ya ce kada rana ta zama a bayansa. Ya ce ka sauko ko ka hau har idon aparai ya yi daidai da idonsa, kuma ka matsa kusa, ka daina tsayawa nesa kamar mai jin tsoro.

Duk daminar nan na yi ta gwadawa a kan abubuwan da ba su magana. Rumbunan bayan gari, da gawon da ke tsaye tsirara cikin gero kore, da goruba, da dutsen da ke gefen kwarin Dallol in la'asar ta ja shi ya yi ja. Na koyi cewa in layin ƙasa ya karkace ko da kaɗan, sai ka ga kamar gonar za ta zube gefe guda. Na koyi cewa hasken tsakar rana yana haƙa ramuka a ƙarƙashin idon jaki, na hantsi da na la'asar kuwa suna shafa shi a hankali. Baba tela ne, wata ranar kasuwa ya tafi da ni Baleyara sayen zare. Na tsuguna a tsakanin awaki na ɗauke su daga tsayinsu, na ga sun zama mutane masu ra'ayi. Wata mai sayar da tabarmi ta ce in ɗauke ta, na matsa kusa kamar yadda littafi ya ce, na nuna mata. Ta ce ina ƙafafunta, ko na ga ta zo kasuwa ba ƙafa? Na ja baya, na ɗauke ta har da takalmi. A ranar na ƙara wa kaina doka: in za ka yanke mutum, kada ka yanke shi a gaɓa, kuma in ya yi ado, ka bar masa adonsa. Zabairu ya sa mini suna Malam Layi, sunan ya bi unguwa.

Da gero ya fara fitar da kai, na ce lokaci ya yi. Na sami Inna tana tsince shinkafa a ƙofar ɗakinta da hantsi, haske yana zuwa daga gefe, bangon bayanta babu komai. Na tsuguna. Na sa idanunta a layin sama. Ina ɗaga aparai, ta juya kai wajen kaji.

Na jira. Ta ci gaba da tsince shinkafa da hannu, fuskarta na wajen kaji. Na ce a hankali:

"Inna, na Kawu ne."

Ta ce wa kajin, "A ɗauka mana, wa ya hana?"

Na ɗauka. Kunci ya fito, da kunne, da ɗaurin kallabi. Washegari na zagaya ta wajen kajin, sai ta juya wajen randa. Na gwada da yamma, na gwada ranar Juma'a da ta yi kwalliya, na gwada tana daka. Ban taɓa ganin ta yi fushi ba, kuma ba ta taɓa rufe fuska ba. Juyawa kawai take yi, a hankali, kamar yadda take yi tun da na dawo daga Sanam, sai dai da can ban taɓa lura ba, don ni ma ƙasa nake duba. Yanzu da gilashi a hannuna ina ganin abin a tsaye, an daskarar da shi, ina iya komawa in sake duba. Littafin ya ce in mutum yana duban gefe, ka bar masa fili a gaban fuskarsa, inda idonsa ke tafiya. Na bi wannan doka sosai. Katin aparai ya cika da hotunan Inna masu kyau, tana gefe guda, a gabanta fili, tana duban wani abu da ba ni ba.

Har dabara na yi. Aparai yana da agogo, ka danna ka gudu, shi ya ɗauka da kansa. Na kifa turmi, na ɗora shi, na daidaita, na danna, na fita zaure. Da na dawo na duba, Inna tana duban sama. Ta san kayana ne, ta ba shi kunyar da take ba ni.

Wata rana da azahar na bar shi a kan tabarma na shiga wanka. Ina cikin wanka na ji muryar Zabairu a tsakar gida.

"Inna! Inna, dibi nan! Tsohuwa mai ran ƙarhe, Abijan na gaishe ki!"

"Kai Zabairu, ubanka! Aje kayan mutane!"

Na ji tana dariya. Na fito da sabulu a kunne na fizge aparai, na shiga zaure na duba ko ya ɓata wani abu. Hoton da ya ɗauka yana nan. Ban taɓa ganin hoto mai muni irinsa ba. A karkace yake. Rana tana bayanta, fuskar ta yi duhu. Taɓarya da ke jingine a bango ta fito kamar daga tsakar kanta ta tsiro, igiyar shanya ta ratsa wuyanta, ya yanke mata hannu daidai gwiwa. Duk dokar da na sani ya taka ta. Amma tana duban cikin aparai kai tsaye, idanunta biyu a buɗe, bakinta a buɗe, har wushiryarta ta fito. Ban san Inna tana da wushirya ba sai ranar.

Na daɗe zaune da hoton. Abin da na ji ba baƙin ciki ba ne irin na maraya, don ni ba maraya ba ne. Kishi ne. Wannan fuskar kullum Zabairu yake ganinta. Da safe in ya tashi, da rana in ya yi ɓarna, da yamma in ya dawo daga ƙwallo. Bai ma san wani abu ne ba. Ni na karanta littafi, na tsuguna cikin kashin awaki a Baleyara, na san inda ido ya kamata ya zauna, shi kuwa ya ɗaga hannu ɗaya yana cin gyaɗa da ɗayan, aka ba shi.

Na je wurin Baba a rumfarsa ta kasuwa. Shi ma ba ya kiran sunana, amma yana yi mini magana, idonsa a kan allurar keke. Na nuna masa hotunana, na nuna masa na Zabairu. Ya ɗan leƙa, ya koma ɗinki.

"To mi ad damuwa? Ga shi ta diba. A aika wanga."

"Baba, taɓarya ta hito mata a ka."

"Hamani ya san ƙanwatai ba ta da ƙaho."

"In ka yi mata magana, ko sau guda, ta dibi aparai in ina riƙe da shi..."

Ya tsayar da keken. Bai dube ni ba, zaren ya duba.

"Kai da ka yi karatu, kana so in ce ma uwarka ta zama marar kunya gaban ɗanta na hwari? Matan unguwa su ji? Tashi ka ba ni almakashi."

Na ba shi almakashi na tafi.

Aka fara yankan gero. Malam Gado ya ce da ya ɗaure damminsa ya zuba a rumbu zai hau mota. Hanyoyi uku ne a gabana, na juya su a kaina har na gaji. In aika ɗaya daga cikin nawa, Kawu ya sami kunci da kunne, alhali ido ya roƙa. In aika na Zabairu, a rataye Inna a Abijan da taɓarya a ka, a ce ɗan lise ne ya ɗauka. Ko kuma in koya wa Zabairu abin da na sani, in shirya komai, in ba shi ya riƙe. Na ukun ya fi ciwo, kuma shi kaɗai ne zai ba da hoton da ya dace da ita. Shi na zaɓa. Ba don kirki ba. Ba zan iya jure mummunan hoto ba ne kawai.

Na kai shi bayan gari wajen rumbuna, na kunna masa layukan.

"Ka ga layin sama? Nan idanu za su zamna."

"In mutum na da ido ukku hwa?"

"Zabairu."

"To, to, Malam Layi. Layin sama."

"Kafin ka dibi mutum, dibi bayanshi. In akwai icce ko igiya, ka matsa, ko ka kauda."

"Ko in ce ma mutumin shi matsa."

Wannan bai taɓa zo mini a rai ba. Ni in abu ya tsaya ba daidai ba, zagayawa nake yi, ko in jira. Wani tsoho yana zaune a gindin rumbunsa yana gyaran igiya, mutumin da ni ko gaisuwa sai na shirya ta a baki kafin in yi masa. Zabairu ya nufe shi.

"Baba tsoho, ina gajiya? Matso nan inuwa in maishe ka saurayi. A'a, ba nan ba, rumbu na hitowa kanka kamar malfa. Yauwa. Ɗaga haɓa. Wa ta ce ba ta son ka?"

Tsohon ya matsa, ya ɗaga haɓa, ya yi dariya da haƙoransa uku. Zabairu ya tsuguna ba tare da na ce ya tsuguna ba. Na karɓa na duba. Idanu a layin sama, bayan fes, haske daga gefe. Abin da na kwashe damina ina koya, ya ɗauke shi kafin a kira la'asar, ya haɗa da bakin da ni ba ni da shi. Na ce masa layin ƙasa ya ɗan karkace. Ya ɗan karkace ɗin, amma ba sosai ba.

Ranar da muka sa, na tashi bayan asuba na share ƙofar ɗakin Inna. Na kwance igiyar shanya, na mirgina turmi bayan ɗaki, na kwashe taɓare da tsintsiya da butar da ke rataye. Na shimfiɗa tabarma a inda hasken hantsi zai zo mata daga hagu. Na tsuguna a wurare daban-daban ina duba tabarmar da babu kowa, har na sami wurin, na zana da'ira a ƙasa da tsinke, na ce wa Zabairu nan zai sa gwiwarsa, kada ya gusa. Inna tana ɗaki tana jin mu. Ba wanda ya ce mata ta yi ado, sai ga ta ta fito da zanenta shuɗi na rini da farin kallabi, ta sa kwalli. Ta zauna daidai inda nake so, ta ce wa Zabairu:

"A yi maza, ina da aiki."

Na leƙa gilashin ta kafaɗarsa. Nan take ta sunkuyar da kai. Na ja baya. Amma na riga na ga matsala, gefen fuskarta na dama ya yi duhu da yawa. Littafin ya ce a irin wannan ka sa wani abu fari ko mai ƙyalli ya mayar da haske. Na shiga ɗaki na ɗauko babban tiren da ake kai wa baƙi abinci, na goge shi da toka, na tsaya a damanta, na karkata shi har hasken ya hau kuncinta. Ta juya kai hagu, don yanzu ina kusa. Na gane. Na ɗaga tiren sama har ya rufe fuskata.

Daga nan ban ga komai ba sai bayan tire, da tsatsa a gefensa, da yatsuna. Kunnuwana ne suka halarci sauran.

"Inna, Kawu ya ce wai kin tsuhwa, haƙoranki sun zube."

"Shi ya hwaɗi haka? Shi da ya girme ni?"

"Ya ce in kin isa ki gwada mishi."

"Ja'iri! Ƙarya kaka yi mishi!"

Ta yi dariya, na ji ƙarar aparai, ɗan ƙit. Ya sake, ya sake. Na riƙe tiren gam don kada hasken ya gusa. Tana nan kusa da ni har ina jin ƙamshin turaren zanenta, tana yin fuskar nan, ni kuma ina riƙe da ƙarfe a tsakaninmu da hannuna.

Hoton ya yi. Ba na jin an taɓa ɗaukar wanda ya fi shi a unguwarmu. Wani direba ya kai katin Yamai aka wanko biyu manya, Malam Gado ya sa ɗaya a tsakanin kwali ya tafi da shi, Baba ya kai ɗayan rumfarsa yana nuna wa masu kawo ɗinki.

Bayan 'yan makonni Kawu ya kira a wayar Baba, da yamma, muna tsakar gida. Baba ya buɗe muryar don kowa ya ji. Kawu yana magana yana shaƙewa, ya ce ya rataye hoton a shagonsa, ya ce ya ga fuskar mahaifiyarsu a ciki, ya ce duk wanda ya shigo sai ya tambaya ko a Abijan aka ɗauka. Sannan ya ce:

"Wa ya ɗauka? Wanga mai hannu na."

Ina zaune a bakin zaure da littafi a cinya. Zabairu ya dube ni, ya buɗe baki, na ga zai yi magana, amma Inna ce ke riƙe da wayar.

"Yaran nan na," ta ce.

"Wane cikinsu?"

Ta dubi ƙasa. Ko da ta so, da wane suna za ta faɗa? Kuma ta yabi ɗan fari da bakinta, a gaban mijinta, a kunnen yayanta?

"Zabairu ya danna," ta ce.

Ba ta yi ƙarya ba. Na sha juya maganar nan a kaina, ban sami ƙarya a cikinta ba. Kawu ya yi ta sa albarka. Ya ce to ai aparai ya sami mai shi, a bar wa Zabairu ya nemi sana'a da shi, mai karatu ya ji da karatunsa, zai aiko masa da ƙamus. Zabairu ya ce, "Kawu, ai Yaya ne ya..." sai Baba ya ɗaga masa hannu, don ba a katse babba, kuma kuɗin wayar Kawu ke tafiya. Ni ma da bakina. Ina iya tashi in ce ni na share wurin, ni na auna hasken, ni na koya masa layi. Ban tashi ba.

Ƙamus ɗin ya zo, mai kyau ne, da shi na gama lise. Zabairu ya fara da hotunan suna da na ɗalibai, ya riƙa bin kasuwanni har Abala, daga baya ya buɗe shago. Duk yaron da ya ɗauka aiki, abin da yake fara koya masa shi ne layin sama, da duban bayan mutum kafin mutum. Yana faɗa musu wurin Yayansa ya koya, ba ya ɓoyewa, kuma wannan ma yana ba ni haushi, don ya hana ni abin da zan riƙe a kansa. Inna kuwa kun gan ta. In na kira ta a waya mai hoto, ku take duba, in na karɓi wayar sai rufin ɗaki ya ba ta sha'awa.

Washegarin kiran Kawu, kafin in miƙa aparai, na zauna da shi a zaure da hantsi. Na buɗe hoton a gilashi. Akwai maɓallin da ke jawo hoto kusa, na yi ta danna shi a kan idonta na dama. Fuskar ta fita, girar ta fita, kwallin ya fita, saura baƙin idon. A cikinsa akwai ɗan farin ɗigo mai ƙyalli, wanda ya sa idon ya zama mai rai. Tiren ne. Na ci gaba da jawowa ko zan ga gefen kaina, ko yatsa ɗaya a bakin tiren. Ɗigon ya fashe ya zama ƙananan murabba'ai, fari da toka-toka, aparai ya ƙi ƙarawa.

Zabairu ya shigo yana tauna rake, ya tsaya a kaina. Na kashe aparai, na naɗe igiyarsa, na sa shi a kwalinsa tare da ɗan littafin.

"Kada ka goge gilashin da bakin riga," na ce. "Yana karcewa."

Ya karɓa da hannu biyu. Daga cikin gida Inna ta ɗaga murya:

"Zabairu! A hwaɗa ma wancan kunu na hucewa."